Gano Cuta da Maganinta a Manhajar Kwamfutar Ofis



An nemi in yi magana a kan matsalolin da ake yawan gamuwa da su wajen rubuta manhajar kwamfutar tebur, watau irin wadda ake girkawa a cikin kwamfutar ofis, mai tagogi da maɓallai da akwatunan cikewa, wadda akawu yake sarrafawa da linzami da madannai. Na zaɓi in ɗauko misalaina daga ƙasar Ƙetare ta Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, da kuma Faskari da Sabuwa, domin a irin waɗannan wurare ne manhaja take nuna ainihin halinta.

Mu ɗauka akwai akawu a Ƙetare wanda aka ba shi aikin shigar da sunayen manoman da za a raba wa taki. Idan manhajarsa ta haɗiye suna guda, wani magidanci zai shiga damina ba taki, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Akawun za a zaga, wataƙila har a ce ya ci amana. Wannan shi ne nauyin abin da muke magana a kai.

Gundarin maganata guda ɗaya ne. Yawancin cututtukan manhaja a ofisoshinmu suna fitowa ne daga zaton da mai rubuta ta ya yi bai sani ba. Ya zaci wuta ba ta ɗaukewa, ya zaci intanet yana nan kullum, ya zaci kowane suna yana rubutuwa da haruffan Turanci 26. Binciken matsala, a taƙaice, shi ne neman wannan zato a inda ya ɓuya.

Yadda manhaja mai taga take aiki

A da, manhaja takan fara daga layin farko ta bi har na ƙarshe, ta fitar da sakamako ta tsaya. Tun da aka ƙera na'urar Alto a kamfanin Xerox a 1973, sa'an nan Macintosh ta fito a 1984, Windows kuma a 1985, sai al'amarin ya juya: mai amfani ne yake ba da umarni lokacin da ya ga dama, manhaja tana jira.

Ku kwatanta ta da akawu guda ɗaya a bakin tagar ofis, jama'a sun yi layi. Duk danna maɓalli, duk motsa linzami, duk harafin da aka buga, takarda ce da ake jefawa a layin. Akawun yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya biya buƙata, ya koma bakin taga. Har zanen fuskar manhajar a kan allo, shi ma takarda ce a cikin layin nan. Wanda ya riƙe wannan hoto ya sami mabuɗin rabin matsalolin da za mu gani.

Cuta ta farko: daskarewa

Akawu ya danna maɓallin ajiya, sai taga ta yi fari, linzami ya dinga juyawa. Idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta ɗauki takarda daga layi ba, Windows takan rubuta a saman tagar cewa ba ta amsawa. Galibi manhajar ba ta mutu ba. Abin da ya faru shi ne an aiki akawun bakin taga wani dogon aiki, kamar lissafin sunaye dubbai ko jiran amsa daga wata kwamfuta mai nisa, ya tafi ya bar jama'a tsaye.

A nan ƙasarmu ta koya mana darasin da babu shi a littattafai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar tarho a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda sha'anin tsaro, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma yi watanni a haka. Ku tambayi kanku: manhajar da ba ta buɗewa sai ta fara gaisawa da wata kwamfuta a Abuja ko a Amurka, me za ta tsinana wa akawun Ƙetare a waɗancan watanni? Katsewa gaba ɗaya ma ta fi sauƙi, domin manhaja takan gane da wuri ta yi ƙara. Wanda ya fi wahalarwa shi ne sabis mai zuwa yana komawa, inda manhaja za ta aika saƙo ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Magani iri uku ne. Na ɗaya, duk aikin da zai ɗauki lokaci a miƙa shi ga wani ma'aikaci na bayan fage, akawun taga ya ci gaba da sauraron jama'a, yana nuna inda aiki ya kai, da maɓallin fasawa. Na biyu, kowane jira a yanka masa wa'adi. In ya cika, a gaya wa mai amfani cikin harshen da zai gane. Na uku, a fara ajiye bayani a cikin kwamfutar ofis ɗin, a tura shi gaba duk ranar da sabis ya samu.

Amma maganin nan yana da nasa dafin. Da zarar ma'aikata sun zama biyu, sai a sami rige-rige. A yawancin kayan aikin rubuta manhaja, doka ita ce akawun taga kaɗai ke taɓa abin da ke kan allo. Na bayan fage in ya gama sai ya jefa sakamakonsa a layi kamar kowa. Wanda ya karya wannan doka zai sami manhaja mai aiki lafiya sau ɗari, ta faɗi a na ɗari da ɗaya, ba tare da an ga abin da ya sauya ba. Haka kuma, akawun da ya danna maɓalli bai ga motsi ba zai sake dannawa, sai manomi ɗaya ya shiga jeri sau biyu. Saboda haka a kulle maɓallin tun daga dannawar farko har aiki ya ƙare.

Cuta ta biyu: haruffanmu

Tun shekarun 1930 Hausar boko take amfani da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin ASCII kuwa, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 ne kawai gare shi, babu ko ɗaya daga cikinsu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, sa'an nan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi a fayil. Ke nan matsalar an warware ta fiye da shekara 30 da suka wuce. Duk da haka har yau sunan Ƙanƙara yana fitowa a gurguje a takardun ofis.

Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan, domin alamu uku ne, kowace da sababinta daban. Idan ka ga ɗan akwati fanko a gurbin ƙ, bayaninka lafiya lau yake. Salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, sai a sauya salo. Idan ka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, an ajiye fayil ɗin da UTF-8, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, wanda ya ɗauki harafi ɗaya a matsayin biyu. Wannan ma yana gyaruwa, in an sake buɗe fayil ɗin da tsarin da ya dace. Amma idan alamar tambaya ka gani, to, galibi harafin ya salwanta tun lokacin ajiya, domin an tura shi ta hanyar da ba ta san shi ba. Sai a toshe hanyar, a koma ga takardar asali a sake bugawa. Wanda bai bambanta ukun nan ba zai yini yana sauya salon rubutu alhali cutar tana cikin rumbun bayanai.

Bayan ƙugiya sai hamza. Sa'idu, Rabi'u, Shu'aibu, Asma'u, 'Yar'aduwa, duk suna ɗauke da ɗan waƙafin sama. A harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, wannan alama ce take buɗe zance ta rufe shi. Idan mai rubuta manhaja ya ɗauki abin da akawu ya buga ya manna shi kai tsaye cikin umarni, da an zo kan Sa'idu sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a “Sa”, sauran kuma shirme ne, ya ƙi karɓa. Musa da Bala za su shige, Sa'idu ya maƙale. In manhajar mai haɗiye kuskure ce ba ta faɗa ba, to, ga manominmu da ya rasa taki. Abin takaici, wasu sukan magance wannan da hana akawu buga hamza, watau a gyara sunan mutum domin ya dace da kuskuren manhaja. Gyaran gaskiya shi ne a aika umarni daban, suna daban, ta guraben da rumbun ya tanada domin haka. Wannan ɓaraka kuma ita ce ɓarayin bayanai suke bi su cusa nasu umarnin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma nema da jerantawa. Wani akawu ya buga Kankara, wani ya buga Ƙanƙara. A wurin kwamfuta garuruwa biyu ne. Ya kamata akwatin nema ya ɗauki k da ƙ a matsayin ɗaya, amma ajiya ta riƙe kowanne yadda yake, domin Kankiya da k take, Ƙanƙara da ƙ. Ga sunayen garuruwa da gundumomi ma, ya fi kyau a ba akawu jeri ya zaɓa, maimakon kowa ya buga yadda ya ga dama.

Cuta ta uku: lambar da ba ta lissafi ba

Lambar wayar Nijeriya tana da alƙaluma 11, tana farawa da sifiri. Lambar shaidar ɗan ƙasa 11 ce, lambar asusun banki 10. Babu wanda yake tara lambar wayar wani da ta wani, saboda haka waɗannan sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma. Idan manhaja ta ɗauke su a matsayin adadi, abu na farko sifirin gaba zai faɗi, kamar yadda duk mai aiki da Excel ya sha gani. Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Gurbin adadi da aka fi amfani da shi a harsunan manhaja da yawa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Asusun da ya fara da 1 zai shiga lafiya, wanda ya fara da 3 ya yi masa yawa. Sai a wayi gari albashin wasu malaman firamare ya fita, na wasu ya tsaya, a rasa abin da ya bambanta su.

Kuɗi ma haka. Kwamfuta tana lissafi da tsarin bibbiyu, wanda ba ya iya riƙe kashi ɗaya bisa goma daidai. A harsuna da dama in ka tara 0.1 da 0.2, sai ka sami 0.30000000000000004. Ɗan wannan ragowa in ya taru a layi dubu sai jimilla ta saɓa da kwabo ɗaya ko biyu, mai binciken kuɗi kuwa ba ruwansa da tsarin bibbiyu. A ajiye kuɗi a matsayin cikakken adadin kwabo, ko a gurbin da aka keɓe domin lissafin goma-goma.

Sai kwanan wata. A wurinmu 03/04 tana nufin 3 ga Afrilu. A Amurka 4 ga Maris ce. Kwamfutoci da yawa suna zuwa ofisoshinmu a saite da tsarin Amurka. Daga ranar 13 ga wata zuwa sama manhaja za ta ƙi karɓa, domin babu wata na 13, a gane da matsala. Daga 1 zuwa 12 kuwa za ta karɓa shiru, ta musanya rana da wata. Ranar haihuwar ma'aikaci ko ranar kama aikinsa in ta juya haka, sai lokacin ritaya rigimar za ta tashi.

Cuta ta huɗu: wuta da allo

Manhaja tana tsakiyar rubuta fayil, wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare. Tsohon fayil an riga an shafe, sabon bai kammala ba, an yi biyu babu. Dabarar tsofaffin masana ita ce a rubuta sabon a gefe da wani suna, a tabbatar ya sauka a faifai, sa'an nan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Mafi sauƙi, a yi amfani da rumbu irin SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, kyauta ne, kuma an gina shi yadda ajiya ko dai ta kammala gaba ɗaya ko a koma yadda ake kafin a fara. Manhaja ta riƙa ajiye kowane suna da zarar an shigar da shi, kada ta jira sai an tashi aiki.

Game da allo, mai rubuta manhaja yakan yi aiki a kan babban allo, ya kafe kowane maɓalli a wurinsa da awo. Da an kai ta kan ƙaramar kwamfutar cinya mai 1366 da 768, ko akawu mai raunin gani ya ƙara girman rubutu, sai maɓallin ajiya ya faɗa ƙasan allo inda hannu ba ya kaiwa. In an fassara manhajar zuwa Hausa, kalmomin sukan fi na Turanci tsawo, su yanke a tsakiya. A bar kayan tsara taga su raba wuri gwargwadon allon da suka tarar, a kuma gwada a kan mafi ƙanƙantar kwamfutar da ke ofis ɗin.

Hanyar bincike

Ba zan iya lissafa muku dukkan cututtuka ba, amma hanyar gano su ɗaya ce.

Da farko, a sa cutar ta sake tashi a gaban ido. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima har sau shida da aka sani, a Amurka da Kanada, wasu suka rasu. A wani asibiti a Jihar Texas a 1986, injiniyoyin kamfanin sun gwada na'urar ba su ga kome ba. Masanin kimiyyar asibitin ne tare da ma'aikaciyar da take sarrafa ta suka yi ta gwaji har suka gano cewa kuskuren yana tashi ne idan an gyara abin da aka buga cikin sauri, a cikin kimanin daƙiƙa 8. Hannun da ya saba da aikin shi ya tono abin da masu ƙirar suka kasa gani. Don haka, ɗalibai, ku je ku zauna kusa da akawun, ku kalli yatsunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na biyu, a karanta saƙon kuskure har ƙarshe, a kuma sa manhaja ta riƙa rubuta abin da take yi a littafin aiki, da lokaci da wuri. Babban laifi ne a kama kuskure a yi shiru da shi.

Na uku, a rage. In fayil mai suna dubu ya ƙi shiga, a raba shi biyu a ga wane rabi ne ya ƙi, a sake rabawa. A cikin rabo goma an isa ga sunan da ke da matsala.

Na huɗu, a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya sauya uku manhaja ta warke, bai san wanne ne magani ba.

Na biyar, in wani ya ce ai a kwamfutarsa tana aiki, kada a yi gardama. A jera bambancin kwamfutocin biyu: saitin kwanan wata, girman allo, salon rubutu, izinin rubutu a babban fayil, akwai sabis ko babu. A cikin jerin nan zaton yake ɓoye.

Na ƙarshe, bayan gyara a ajiye gwajin da ya tono cutar, a riƙa maimaita shi duk sa'ad da aka taɓa manhajar.

Kira ga ma'aikatan gwamnati

Ku ne kuke karɓar manhaja daga hannun 'yan kwangila, kuma ba sai kun iya rubuta ta ba kafin ku jarraba ta. Kafin a sa hannu a takardar kammala aiki, a zare wayar intanet a ga ko za ta buɗe. A shigar da Sa'idu daga Ƙanƙara, a neme shi, a buga shi a takarda. A shigar da lambar waya da lambar asusu mai farawa da 3. A shigar da 3 ga Afrilu a ga abin da zai fito. A kashe kwamfutar ana tsakiyar aiki a kunna a ga abin da ya saura. Duk wannan bai kai awa ɗaya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A sa a cikin yarjejeniya cewa ainihin rubutun manhajar mallakar hukuma ne, domin ranar da ɗan kwangila ya ɓace a sami mai gyara.

In kuma matsala ta taso, kada a aika cewa kwamfuta ta lalace kawai. A rubuta abin da aka danna, abin da aka sa ran gani, abin da aka gani, da ƙarfe nawa, a ɗauki hoton allon da waya. Rahoto irin wannan yakan rage aikin mako ya koma na yini.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, mun ga daskarewa, da gurguncewar haruffa, da lambobin da ke juyewa, da fayil ɗin da wuta ke cinyewa. A ƙarƙashin kowanne mun tarar da zato guda da bai dace da ƙasarmu ba. Kayan gyaran duk suna nan, yawancinsu kyauta. Abin da ya rage shi ne masu rubuta manhaja waɗanda suka san Ƙetare da Faskari da Sabuwa, suka san yadda ake rubuta sunayen mutanensu, da yadda wuta da sabis suke a can. Ku ɗaliban da ke zaune a nan kun san wannan tun kuna yara. Kada ku ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta. Ranar da kuka gama wata manhaja, ku kai ta ofishin gunduma ku ba akawu mafi saurin hannu ya yini da ita kafin ku ce ta gamu.